Sanin Ruwan Tanki Ba Tare da Hawa Sama Ba: Jagorar Aiki da Sensar Maganaɗisu

A gidaje da yawa, hanyar sanin tanki ya cika ita ce a ji ruwa yana kwararowa daga sama, sai wani ya ruga ya kashe sumo, wato injin da ke turo ruwa daga rijiya. Hanyar sanin ya ƙare kuwa, sai an buɗe famfo da asuba za a yi alwala a ji iska kawai ke fitowa. Wannan matsalar ce ta ja ni zuwa sensar maganaɗisu, kuma da ita zan koyar a nan, domin duk wanda ya iya gano inda ruwa ya tsaya a tanki ta wannan hanya, ya iya gano ko get a buɗe yake, ko taya ta zagaya sau nawa, ko faifan sola ina ya fuskanta. Aikin ɗaya ne: ka liƙa maganaɗisu a jikin abin da ke motsi, ka kafa sensa a jikin abin da ba ya motsi, sensar ta gaya maka lokacin da suka yi kusa.

Na fara da zura wayoyi tsirara cikin ruwa, kamar yadda masu koyo da yawa ke yi. Ba a daɗe ba bakunansu suka yi kore suka cinye, ga shi ruwan sha ne. Sensar da ke aiki da haske kuma ƙurar hunturu na rufe mata ido, hasken rana yana ruɗa ta. Maganaɗisu bai damu da ƙura ba, bai damu da duhu ba, ƙarfinsa yana ratsa roba da katako da gilashi da ruwa kamar babu su. Ba ya buƙatar batir, ba ya gogar komai balle ya cinye. Ga mai aiki a ƙasar ƙura da zafi, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Sensoshin da za ka tarar a kasuwa

Mafi sauƙi shi ne makunnin rid: ɗan siririn gilashi da ƙarafa biyu a ciki, idan maganaɗisu ya matso sai su manne, wuta ta wuce. Ƙafa biyu gare shi, ba ya cin wuta, shi ne a cikin ƙararrawar tsaro ta ƙofa da mitar gudun keke. Aibinsa, gilashin na fashewa da wuri. In za ka lanƙwasa ƙafarsa, ka riƙe ta da filaya tsakanin gilashin da wurin lanƙwasawa.

Sauran duk sensoshin Hall ne. Sunan ya samo asali daga Edwin Hall, wanda a 1879, yana ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya lura cewa idan wuta tana bin siririn ƙarfe aka kawo maganaɗisu, wutar tana karkata gefe guda, har a sami ɗan bambancin bolt tsakanin gefunan biyu. Bambancin ƙanƙani ne ƙwarai, don haka a yau ake haɗa shi da da'irar da ke ƙara masa ƙarfi, a rufe su cikin baƙar roba mai ƙafa uku da ba ta kai ƙwayar wake ba. Suna cikin fankar kwamfuta, da murfin laftof, da injin keke mai caji.

A nan ake yawan yin kuskure, domin a ido duk kamarsu ɗaya, sai ka karanta lambar da ke jiki. A3144 makunni ce: ko dai ta ce ga maganaɗisu, ko ta ce babu. Tana son bolt 4.5 zuwa 24, kuma cikin fuskokin maganaɗisu biyu, arewa da kudu, fuskar kudu kaɗai take amsawa idan aka nuna wa gefen da ke da rubutu. US1881 mai riƙewa ce: fuskar kudu ta kunna ta, ta zauna a kunne ko an ɗauke maganaɗisun, sai fuskar arewa ta zo sannan ta mutu. 49E kuwa aunawa take yi, tana fitar da bolt gwargwadon ƙarfin maganaɗisun. Sai AS5600, wadda ke auna kusurwar abin da ke juyawa. Aikinmu na tanki da A3144 za mu fara shi.

Kayan da za ka tanada

A3144 guda 6, huɗu na aiki biyu na ko-ta-kwana. Arduino Uno ko Nano, wato ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa shiri ya riƙa karanta sensoshi yana kunna abubuwa. Rizista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai 4.7k (om 4,700) guda 4, mai om 330 guda 4, kafasita, wato ɗan ma'ajin wuta, mai 100nF guda 4, da ƙananan ƙwayayen fitila na LED. Kebul na intanet mai waya 8 a ciki, tsawonsa daga tanki zuwa ɗaki. Maganaɗisun niyodimiyam mai siffar kwabo, faɗinsa kamar milimita 10 zuwa 15. Farin tironkin, wato kwaroron robar nan mai kusurwa huɗu da masu wayarin ke ɓoye waya a bango, tsawonsa ya ɗara tsayin tankin. Sai fuli biyu, wato 'yar tayar da zare ke bi ta kanta, da zaren kamun kifi mai kauri, da gorar ruwa ta roba mai murfi, da guntun katako.

In ba ka sami maganaɗisun saya ba, tsohon faifan ajiyar bayanai na kwamfuta (hard disk) yana da masu ƙarfi a ciki. Amma ka sani, fuskarsu ɗaya ta rabu biyu, rabi arewa rabi kudu, don haka sensa na iya amsawa a gefe ɗaya ta yi shiru a ɗayan.

Kafin mu ci gaba, magana ɗaya da ba na so ta wuce: ƙananan maganaɗisun nan haɗari ne ga yara. Idan yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi, sai an yi tiyata. Ka ajiye su a kulle, ka ƙirga su bayan kowane aiki. Ka kuma nisanta su daga katin banki da mai na'urar bugun zuciya a ƙirji.

Mataki na 1: gwaji a kan tebur

Kada ka taɓa gam, kada ka hau sama, sai ka gama wannan matakin. Duk aikin da na gani ya lalace, a nan aka yi masa gaggawa.

Riƙe A3144, rubutun yana kallonka, ƙafafun suna ƙasa. Ta hagu ita ce ta wuta, ta tsakiya ita ce ta ƙasa, wato GND, ɓangaren wuta mai alamar ragi (-), ta dama ita ce mai fitar da amsa. Haɗa ta hagu da bolt 5, ta tsakiya da GND. Ɗauki ƙwan LED, ka haɗa doguwar ƙafarsa da bolt 5 ta cikin rizista mai om 330, gajeriyar kuma da ƙafar dama ta sensar. Ba ka buƙatar Arduino tukuna, cajar waya ma ta wadatar.

Matso da maganaɗisu gaban rubutun. In ƙwan bai kama ba, juya ɗaya fuskar. Fuskar da ta kunna shi ita ce kudu. Nan take ka ɗiga mata jan farce ko fenti, domin da zarar ka ajiye shi ba za ka sake bambance su da ido ba.

Yanzu kwantar da rula, ka kafa sensar a kan sifiri, ka riƙa turo maganaɗisun a hankali. Rubuta nisan da ƙwan ya kama. Sannan ka ja shi baya a hankali, ka rubuta nisan da ya mutu. Za ka ga lambobin biyu ba ɗaya ba ne, ya fi nisa kafin ya mutu. Da gangan aka ƙera ta haka, don kada ta riƙa kamawa tana mutuwa idan maganaɗisun ya tsaya a kan iyaka yana rawa. Ka maimaita wannan ga kowace sensa, domin yawancin na kasuwa kwaikwayon ta kamfanin Allegro ne, kuma ko a leda ɗaya ba sa amsawa a nisa ɗaya.

Abin da rular za ta koya maka shi ne ƙarfin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri ƙwarai. Idan ka ɗan yi nisa da shi, ninka tazara sau 2 na iya rage ƙarfin kusan sau 8. Saboda haka milimita 3 da ka raina ita ce tsakanin aiki da rashinsa. Dokar da nake bi: in sensa ta kama a milimita 14, ina gina aikin a kan milimita 7. Rabin nan da na bari shi zai ɗauki zafin rana, da karkacewar katako, da tsufan kaya. In tazarar ta yi kaɗan, ɗora maganaɗisu biyu a kan juna ka sake aunawa. A ƙarshe sanya murfin tironkin a tsakani ka gwada, don ka gani da idonka cewa roba ba ta hana komai, kaurinta ne kawai ke shiga lissafin tazara.

Mataki na 2: gora, zare da katako

Dabarar ita ce kada wani abu mai wuta ya shiga ruwa. Gora ce za ta yi iyo a cikin tanki. Zare ya tashi daga murfinta, ya bi ta fuli na farko a saman tankin, ya bi ta na biyu a bakin gefe, ya sauko waje cikin tironkin da ka kafa a tsaye. A ƙarshen zaren akwai guntun katako ɗauke da maganaɗisu. Ruwa ya hau, gora ta hau, katako ya sauka. Ruwa ya ragu, gora ta sauka, katako ya hau. Ka riƙe wannan a ranka, domin komai a juye yake: sensar "ya cika" tana ƙasa, sensar "ya ƙare" tana sama.

Dole gora ta fi katako nauyi, amma kada ta nitse. Gorar da aka zuba wa ruwa mai tsabta zuwa rabi ta yi daidai, katakon da abin da ka rataya masa kuma su kai kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Kada ka zuba dalma ko tsohon batir a gorar don ƙarin nauyi, ruwan nan iyalinka za su sha. Ka kuma sanya ta nesa da inda ruwa ke zubowa, in ba haka ba za ta yi ta tsalle duk lokacin da sumo ke aiki.

Me ya sa tironkin, ba fayif ba? Na fara da fayif zagayayye, aikin ya yi kwana biyu lafiya, a na uku ya yi shiru. Da na duba, zaren ya murɗe, katakon ya juya, maganaɗisun yana kallon bango. A cikin kwaroro mai kusurwa huɗu katako ba ya iya juyawa. Ka fere shi ya shiga da ɗan sarari, milimita 1 ko 2 a kowane gefe, ka goge shi da sanfefa, ka shafa masa fenti don kada damina ta kumbura shi. Haƙa ɗan rami a fuskarsa, ka binne maganaɗisun da jan ɗigon yana kallon waje, ka rufe da gam mai haɗi biyu. Kada ka yi amfani da gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga, ranar watan Afrilu tana sassauta shi. Zafin narka shi ma ba ya yi wa maganaɗisun kyau, domin niyodimiyam na yau da kullum yana fara rasa ƙarfinsa in ya wuce digiri 80, kuma ƙarfin ba ya dawowa.

Idan ƙafafun tankin na ƙarfe ne, kada ka ɗaure tironkin a jikinsu kai tsaye. Maganaɗisun zai ja ƙarfen, katakon ya maƙale. Sanya guntayen katako a tsakani, tazarar santimita 4 ko 5, sannan ka ja zaren da hannu daga sama har ƙasa ka ji ko akwai inda yake turjewa.

Sai abu ɗaya ƙarami mai muhimmanci: buga sukurun roba ko ka manna guntun katako a cikin tironkin, daidai ƙasan sensar "ya cika", ya zama birki. Ta haka ko ruwa ya ƙara hawa, katakon zai zauna a gaban sensar, ba zai zarce ta ba. Zaren zai ɗan saki, ba komai. Ka yi irin wannan a sama ma.

Mataki na 3: kafa sensoshi da jan waya

Cika tankin zuwa inda kake so sumo ya riƙa tsayawa, ka yi alama a tironkin daidai inda maganaɗisun yake. Bar ruwan ya ragu zuwa inda kake so a ce ya ƙare, ka bar ɗan saura a ƙasa, ka sake yin alama. Raba tsakanin don sauran biyun. Kowace sensa za ta kwanta a bayan murfin, rubutunta yana kallon ciki.

A gindin kowace sensa, narka dalma ka haɗa kafasita mai 100nF tsakanin ƙafar wuta da ta GND. Shi ke shanye ƙananan girgizar wuta da doguwar waya ke kwasowa. Sanya wa kowace ƙafa rigar roba, ka riƙe sensar da tef tukuna, ka gwada ta da ainihin katakon yana wucewa, sai ka tabbatar sannan ka rufe ta da gam ko silikon. Bakin kebul ɗin ya kalli ƙasa don ruwan sama kada ya bi ta ciki.

Kebul mai waya 8 ya isa: ɗaya bolt 5, ɗaya GND, huɗu na sensoshi, biyu a ajiye. Rubuta wace kala ta tafi ina, ka liƙa takardar a cikin akwatin Arduino.

A ɗaki, kowace wayar amsa ta shiga fil ɗinta, wato wurin jona waya a jikin Arduino, misali mai lamba 4, 5, 6 da 7, kuma kowacce a haɗa ta da bolt 5 ta cikin rizista mai 4.7k. Ga dalili. A3144 ba ta iya tura wuta waje, abin da ta iya kawai shi ne ta jawo wayar zuwa ƙasa idan ta ga maganaɗisu. In babu rizistar da za ta riƙe wayar a sama, wayar tana lilo ne, Arduino ya riƙa karanta duk abin da iska ta kawo. Gaskiya ne Arduino yana da tasa rizistar a ciki, wadda ake kunnawa da INPUT_PULLUP, kuma ta isa a kan tebur. Amma tana tsakanin 20k da 50k, ta yi rauni ga wayar mita 10 da ta bi kusa da wayar sumo.

Wannan halin na sensar yana da amfani ga mai ESP32 ko Raspberry Pi, wasu allunan da ake amfani da su a madadin Arduino, waɗanda filolinsu ba sa jure abin da ya wuce bolt 3.3. Ka ba sensar bolt 5 ɗinta, amma rizistar ka kai ta bolt 3.3. Sai dai ka kula da sensoshin da ake sayarwa a kan ɗan allo, wasu sun riga sun haɗa amsar da bolt 5.

Mataki na 4: shirin Arduino

Karatun a juye yake: digitalRead, umarnin da ke karanta fil, zai ba ka LOW (wuta a ƙasa) idan maganaɗisu yana gaban sensa, HIGH (wuta a sama) idan ba ya nan.

Ga inda tunani ke shigowa. Sensa huɗu ne, amma yawancin lokaci katakon yana tsakaninsu, babu wadda ke ganinsa. Idan ka rubuta shirin da ke kunna ƙwai kawai lokacin da sensa ta amsa, ƙwayayen LED ɗinka masu nuna matakin ruwa za su wuni a duhu. Saboda haka shirin ya riƙe lambar sensar da ta amsa a ƙarshe, ya ci gaba da nuna ta har wata ta amsa. Kuma kada ya yarda da amsa sai ta tsaya kamar daƙiƙa 2, saboda rawar ruwa.

In aka ɗauke wuta, abin da Arduino ya riƙe ya tafi. Maganin shi ne EEPROM, ɗan ma'ajin da ba ya mantuwa, mai girman 1KB a Uno. Yana jure rubutu kusan sau 100,000 a kowane gurbi, don haka ka rubuta ne kawai idan matakin ruwa ya canza, da umarnin EEPROM.update, wanda ba ya sake rubuta abin da bai canza ba. Duk da haka, ana iya ɗibar ruwa yayin da wuta ba ta nan. Ni nakan sa ƙwan ya riƙa ƙiftawa bayan dawowar wuta, alamar cewa wannan tsohon labari ne, har sai wata sensa ta amsa.

Akwai wata hanya mai kyau da US1881. Maimakon maganaɗisu mai kallon sensa, sanya mai siffar sanda a tsaye, arewa a sama kudu a ƙasa, ko akasin haka. Duk lokacin da ya wuce, sensar za ta ga fuska ɗaya sannan ɗayar, ta riƙe wadda ta gani a ƙarshe. Wucewa sama ya bar ta a hali ɗaya, wucewa ƙasa ya bar ta a ɗayan. Ke nan kowace sensa da kanta tana faɗin ko katakon yana samanta ko ƙasanta, har ma kana iya jera ƙwayaye ba tare da Arduino ba. Ita ma in wuta ta ɗauke tana mantawa, don haka ƙaramin batir ya fi dacewa da ita.

Mataki na 5: idan kana so ya kashe sumo da kansa

Ka fara da ƙwayaye da ƙararrawa, ka zauna da su mako biyu ko uku kana lura. Sai ka yarda da aikin sannan ka ba shi iko a kan sumo.

Sensa ko makunnin rid ba sa ɗaukar wutar injin. A3144 ba ta wuce miliam 25, rid ɗin gama-gari kuma kusan rabin am. Arduino ya kunna rilei, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa, rilei ya kunna kontakta, wato babban makunni mai ɗaukar wutar inji, kontakta ya kunna sumo. Ɓangaren bolt 230 ka bar wa ƙwararren mai wayarin, ka kuma bar makunnin hannu yadda yake.

Yanzu ka tambayi kanka: in ɓera ya yanke wayar sensar "ya cika", me Arduino zai gani? Rizistar za ta riƙe wayar a HIGH, wato "bai cika ba", sumo ya yi ta aiki har gari ya waye. Haka in zare ya tsinke ko fuli ya cije. Saboda haka ka auna minti nawa tankinka ke ɗauka daga ƙasa zuwa cika, ka ƙara kaɗan, ka sa shirin ya kashe sumo in lokacin ya wuce, ya buga ƙararrawa, kuma kada ya sake kunnawa sai mutum ya danna maɓalli. Ƙari a kan haka, in sumo ya yi dogon lokaci yana aiki babu sensar da ta canza, ya tsaya. Wannan zai ceci injin ranar da rijiya ta ja baya a bazara.

49E, ga motsin da bai wuce ɗan yatsa ba

Ba ta dace da tsawon tanki ba, amma za ka buƙace ta a wasu ayyukan, kamar feda ko hannun totur na keke mai caji. Ƙafafunta a jere suke kamar na A3144, ba ta buƙatar rizista, amsarta tana shiga fil ɗin A0 na Arduino. In babu maganaɗisu tana ba da rabin wutar da aka ba ta, analogRead, umarnin da ke auna bolt da lamba daga 0 zuwa 1023, ya nuna kusan 512. Fuska ɗaya ta hau da lambar, ɗayar ta sauko da ita, tsakanin kusan bolt 1 da bolt 4. Lambar ba ta tafiya daidai da nisa idan maganaɗisu yana tunkarar ta gaba da gaba, don haka ka yi tebur da rula, kowane milimita 2 ka rubuta abin da ka karanta. In ka sa sandar maganaɗisu ta riƙa gilmawa ta gabanta daga wannan kai zuwa wancan, karatun tsakiyar ya fi miƙewa. Ka riƙa ɗaukar karatu 16 kana raba su, lambar za ta natsu.

AS5600 a kan fuli

Ranar da matakai huɗu suka daina isar ka, kana son sanin ruwa da santimita, ka koma kan fuli. Zaren yana juya shi, in ka san juyinsa ka san tafiyar gora.

AS5600 tana raba zagaye ɗaya gida 4096. Tana magana da Arduino ta I2C, wato hanyar aika bayanai ta waya biyu, SDA a fil ɗin A4, SCL a A5, adireshinta 0x36. Kusurwar tana cikin guraben ajiyar sensar masu lamba 0x0C da 0x0D. Ƙafar DIR kada a bar ta a sake, ka haɗa ta da GND. Ka kuma duba allon da ka saya ko na bolt 3.3 ne ko na 5 kafin ka ba shi wuta.

Maganaɗisunta daban ne. Na kwabo da muka yi amfani da shi, arewa tana fuska ɗaya kudu tana ɗayar. Wannan kuwa an raba shi ne ta faɗi, rabin da'irar arewa rabi kudu, galibi faɗinsa milimita 6, kuma yakan zo tare da allon. In ka sa na kwabo, lambobin za su yi ta yawo ba ma'ana. Gane shi da sauƙi: biyu irinsa sun fi son mannewa gefe da gefe. Ka kafa shi daidai tsakiyar sandar da ke juyawa tare da fuli, ya kalli tsakiyar sensar, tazara tsakanin rabin milimita da milimita 3. In sandar ta ƙarfe ce, sanya ɗan murfin roba ko katako a tsakaninsu. Gurbi 0x0B zai gaya maka ko ta ga maganaɗisun, ko ya yi kusa da yawa, ko ya yi nisa. Ka karanta shi kafin ka manne komai.

Lissafin: fuli mai faɗin santimita 10, kewayensa santimita 31.4 ne. Ruwa mai zurfin mita 1.5 zai juya shi kusan sau 5. Sensar ba ta san zagaye na nawa take ba, shirinka ne zai ƙirga. In sabon karatu ya faɗi ƙasa da na baya da fiye da 2048, an tsallaka sifiri gaba, ƙara zagaye ɗaya. In ya haura da fiye da 2048, rage ɗaya. Nade zaren sau ɗaya cikakke a kan fulin don ya rage zamewa.

Wayar I2C ba ta son tsawo, mita 1 ko 2 ta fara kuskure. Saboda haka ƙaramin Arduino zai zauna a sama kusa da fuli, cikin akwati mai inuwa, ya aiko da lambar ƙasa, ko ka yi amfani da ESP32 ya turo ta wayarka ta wayifai.

Kuma kada ka cire A3144 ɗin da ke ƙasan tironkin. Zare yana zamewa kaɗan-kaɗan, wuta tana ɗaukewa ƙirgen zagaye ya ɓace. Sa shirin, duk lokacin da katako ya zauna a kan birki sensar "ya cika" ta amsa, ya mayar da ƙirgen sifiri ya fara daga nan. Tun da tanki yakan cika kusan kullum, kuskuren jiya ba zai kwana biyu ba. Sau ɗaya a farkon damina da sau ɗaya a farkon hunturu, ka buɗe murfin tironkin, ka share baƙin garin ƙarfen da ya taru a fuskar maganaɗisun, ka duba zaren inda yake gogar fuli, in ya fara fari ka canza shi.